Idodin Attaura da Idodin Kirista: Me Ke Tsarkake Rana?

Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi sama ya san ranaku kamarsu ɗaya. Rana ta kan fito daga gabas ta faɗi yamma, ko ranar idi ce ko ranar kasuwa, ba ta ƙara sauri, ba ta ragewa. Amma duk da haka da wuya ka sami al'ummar da ba ta keɓe waɗansu ranaku ta ce sun fi sauran daraja ba. A cikinsu a kan bar aiki, a fito da tufafin da aka ajiye a adaka, a yi yanka, a taru a yi addu'a.

To, akwai wata tsohuwar gardama tsakanin Kirista game da irin waɗannan ranaku, har yau kuwa ba ta mutu ba. Waɗansu sun ce, tun da Littafi Mai Tsarki ya lissafta idodin da Allah ya ba Bani Isra'ila ta hannun Annabi Musa, tun da kuma Isa Almasihu da almajiransa su suka kiyaye, ba daidai ba ne a bar su a kama Kirsimati da Ista, waɗanda ba a umarta ba ko a sura ɗaya. Waɗansu kuwa suka ce a'a, idodin Musa na alkawarin da ke tsakanin Allah da Bani Isra'ila ne, sun yi nuni ga abin da ke zuwa, abin kuwa ya zo, saboda haka kalandar ikilisiya ita ta dace da Kirista.

Na san cikinku, ku 'yan makaranta masu karanta wannan shafi, akwai Kirista akwai Musulmi, watakila ma wani ya ce ina ruwansa da gardamar da ba tasa ba. Ya yi haƙuri ya karanta. A ƙarƙashin gardamar nan akwai tambayar da ta shafi kowa, watau me ke sa rana ta zama mai tsarki, wa ke da ikon matsar da ita, kuma ko ya kyautu mutum ya rabu da ɗan'uwansa saboda ita.

Idodin da Musa ya lissafta

A littafin Firistoci, sura ta 23, aka jera su. Da fari akwai Asabar, ranar hutu ta kowane mako. Sa'an nan a wata na fari, wanda a ke kira Abib ko Nisan, ran 14 ga wata da maraice, sai Idin Ƙetarewa, wanda sunansa da Ibrananci Fesak. Kowane gida ya kan yanka ɗan rago a gasa, a ci da ganyaye masu ɗaci, don tuna daren da Bani Isra'ila suka fita daga bautar Fir'auna. Kashegari a shiga kwana 7 na cin gurasa marar yisti, domin kakanninsu sun fita da gaggawa, ƙullunsu bai sami damar kumbura ba. A cikin kwanakin nan ne a kan kawo damin sha'ir na fari a miƙa wa Allah, ba wanda zai taɓa sabon hatsi sai an yi haka. Daga nan a ƙidaya mako 7, a rana ta 50 a yi Idin Makonni, lokacin girbin alkama.

Sauran uku duk a wata na bakwai su ke. Ran 1 ga wata a busa ƙaho. Ran 10 ita ce Ranar Kafara, ranar azumi da tuba, ita kaɗai ce a shekara babban firist ya kan shiga wuri mafi tsarki. A kan kawo bunsuru biyu, a yanka ɗaya, ɗayan a ɗora masa zunubin jama'a a kora shi jeji. Ran 15 kuwa sai Idin Bukkoki, bayan an gama tattara inabi da sauran amfanin itatuwa. Kwana 7 mai arziki da matalauci kowa ya kan bar ɗakinsa ya zauna a bukkar ganye, don ya tuna kakanninsa sun yi shekara 40 cikin jeji ba su da gida. Uku daga cikin idodin nan, Ƙetarewa da Makonni da Bukkoki, sai maza sun tafi wurin da Allah ya zaɓa, wanda daga baya ya zama Haikalin Urushalima.

Ku lura da abu guda. Kowane babban idi yana ɗaure da igiya biyu, ɗaya ta gona, ɗaya ta tarihi. Sha'ir, da alkama, da inabi, ga kuma Masar da jeji. Yaron da ya tashi cikin wannan kalanda, kafin ya iya karatu ya riga ya san labarin mutanensa, don ya ɗanɗana shi da harshensa, ya kwana cikinsa.

Wata da rana

Igiyar gona ita ta jawo wuyar lissafi. Wata 12 kwana 354 ne, shekarar rana kuwa kwana 365 da kashi ɗaya cikin huɗu, bambancinsu wajen kwana 11. Mu a nan mun san abin da wannan ke haifarwa, gama mun ga azumi ya zo da tsakar damina, mun gan shi da hunturu, mun gan shi da zafin bazara, yana zagayawa har ya komo inda ya tashi cikin shekara 33 ko kusa da haka. Shi ya sa manomi ba ya duban watan Salla don ya san lokacin shuka, sai ya dubi gajimare da iska. Su kuwa Yahudawa ba su da damar barin idinsu ya zagaya, don ba a miƙa damin sha'ir sai sha'ir ya nuna. Sai suka riƙa ƙara wata na 13, sau 7 cikin kowace shekara 19, watansu ya jira rana. Rumawa kuma suka bi rana tsantsa, bisa kalandar da Yuliyas Kaisar ya kafa a shekara ta 45 kafin Miladiyya. Addinin Kirista an haife shi cikin lissafin Yahudawa, ya girma cikin na Rumawa. Rabin rikicin daga nan ya fito.

Yadda hanya ta rabu

Almajiran farko duk Yahudawa ne, ba su kuwa ga wani dalilin barin idodinsu ba. An gicciye Almasihu, bisa ga Linjila, a lokacin Idin Ƙetarewa. Ruhu ya sauko wa almajirai a Idin Makonni, wanda Helenawa ke kira Fentikos, watau na hamsin. Manzo Bulus kansa, littafin Ayyukan Manzanni ya nuna shi yana gaggawar tafiya don ya riski Fentikos a Urushalima. Amma da waɗanda ba Yahudawa ba suka fara shiga da yawa, sai aka taru a Urushalima wajen shekara ta 49 aka yanke cewa ba za a ɗora musu dukan shari'ar Musa ba. Bulus ya rubuta wa mutanen Kolosi kada su bari kowa ya hukunta su a kan idi ko tsayuwar wata ko Asabar. Ya rubuta wa na Roma cewa mai girmama wata rana da mai ganin ranaku duk ɗaya ne, kowannensu ya tabbata a zuciyarsa, kada ya raina ɗan'uwansa.

A shekara ta 70 rundunar Rum a ƙarƙashin Titus ta rushe Haikali. Daga ranar nan babu bagade, babu babban firist, babu bunsuru biyu. Malaman Yahudawa suka mai da idodin cikin gida da majami'a, addu'a da karatu da sadaka suka maye gurbin yanka. Sai Samariyawa, 'yan tsiraru, su ne har yau su ke yanka ragunan Ƙetarewa a kan Dutsen Gerizim.

Kirista kuma suka riƙe Ƙetarewa, suka mai da ita tunawa da mutuwar Almasihu da tashinsa. Ikilisiyoyin Asiya Ƙarama suka ce ran 14 ga Nisan za a yi, kowace rana ta mako ta faɗa, don haka suka gada daga Manzo Yahaya. Na Roma suka ce sai Lahadi, ranar tashi. Wajen shekara ta 155 wani tsoho, Folikaf, bishop na Simirna, ya je Roma wurin bishop Anisitas suka tattauna. Wannan bai rinjayi wancan ba, wancan bai rinjayi wannan ba. Me suka yi? Anisitas ya ba baƙonsa gaba ya jagoranci jibin Ubangiji a cikin ikilisiyarsa, suka rabu lafiya, kowa da ranarsa. Bayan kamar shekara 40 wani bishop na Roma, Fiktor, ya tashi zai yanke mutanen Asiya daga zumunci saboda wannan magana, sai Ireniyas na Liyon ya rubuta masa yana tuna masa abin da magabatansa suka yi. Masanin tarihi Yusibiyas shi ya adana mana labarin.

A shekara ta 325 Sarkin Rum Kwanstantin ya tara bishop-bishop a Nikiya, a ƙasar Turkiyya ta yau, aka shirya cewa duk Kirista su yi idin a Lahadi ɗaya, kada kuma su jira lissafin Yahudawa. Ƙa'idar da ta zauna daga baya ita ce Lahadin da ta biyo bayan cikar wata na fari daga 21 ga Maris, shi ya sa Ista ba ta wuce tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Amma shiri a takarda daban, shiri a gida daban. A Ingila, wani malami mai suna Bida ya ba da labarin Sarki Oswi na Nortumbiriya da matarsa, kowa da lissafin malamansa, har ya kan zama sarki ya sha ruwa yana bikin Ista, sarauniya da jama'arta suna cikin azumi tukuna. Sai da aka yi taro a Witbi a shekara ta 664 kāna fada ta zama tsintsiya ɗaya. Da Paparoma Giregori na 13 ya gyara kalanda a 1582, ya tsallake kwana 10, sai ikilisiyoyin gabas suka ƙi bi, rabuwa ta sake sabuwa. A 2024 Kiristan yamma sun yi Ista ran 31 ga Maris, Yahudawa suka shiga Ƙetarewa da maraicen 22 ga Afrilu, Kiristan gabas kuwa sai 5 ga Mayu. A 2025, shekara 1700 cif bayan taron Nikiya, lissafin gabas da na yamma suka haɗu a 20 ga Afrilu.

Ko sunan ma yana da labari. Bida ya ce Turawan Ingila sun samo kalmar Ista daga sunan wani watansu na zamanin jahiliyya. Amma Helenawa da Faransawa da Larabawa da Habashawa duk sunan Ibrananci su ke kira da shi, kowa da karin harshensa. Habashawa cewa su ke Fasika.

Kirsimati fa?

Linjila ba ta faɗi ranar da aka haifi Almasihu ba, ko watan ma. Shaidar farko ta bikin 25 ga Disamba daga Roma ta fito, a wata kalanda da ke nuna ana yinsa a shekara ta 336. Masana sun kasu biyu a kan dalilin zaɓen ranar. Waɗansu sun ce an ɗora ta ne a kan bikin rana na Rumawa, lokacin da yini ke fara tsawo bayan gajartarsa. Waɗansu sun ce lissafi ne: magabata sun ɗauka an ɗauki cikinsa ran 25 ga Maris, a ƙara wata 9 sai a faɗa 25 ga Disamba. Armeniyawa har yau 6 ga Janairu su ke yi, Kibɗawan Masar da Habashawa kuwa 7 ga Janairu. A hankali kalandar ikilisiya ta cika: makonnin jiran zuwansa, haihuwa, azumin kwana 40, makon shan wuya, tashi, hawa sama bayan kwana 40, Fentikos bayan 50. Kalandar Musa tana bin tarihin al'umma, ta ikilisiya tana bin rayuwar mutum ɗaya daga komin dabbobi zuwa kabari.

Masu ƙin ta ba yau suka fara ba. A 1647 majalisar Ingila ta soke Kirsimati da Ista da Fentikos, tana cewa babu su cikin Littafi, sai da sarauta ta komo a 1660 aka mai da su. A Masacusets ta Amurka, daga 1659 zuwa 1681, wanda aka kama yana bikin Kirsimati tarar sule biyar ce a kansa.

Mu auna hujjoji

Masu son komawa ga idodin Musa suna da gaskiya a wurare biyu, bai kamata a tauye musu ba. Na ɗaya, tushiya mafarin dawa. Wanda bai san Ƙetarewa ba, ba zai gane dalilin da ya sa Linjila ke kiran Almasihu ɗan rago ba, wanda bai san Ranar Kafara ba kuwa, wasiƙar Ibraniyawa za ta zame masa ƙulli. Na biyu, ikilisiya ta riƙe idodin farkon shekara ta sake musu ma'ana, amma na wata na bakwai ta bar su, ba ta kuwa sami abin da ya maye gurbin bukka ba. Ina ganin wannan hasara ce. Al'adar da za ta fitar da attajiri daga soronsa ta kwantar da shi ƙarƙashin ganye har kwana 7, yana hangen taurari ta rufin, ta fi wa'azi dubu koya masa cewa baƙo ne a duniya.

Amma hujjarsu babba, cewa ranar da ba a umarta ba ba ta halatta, ba ta tsaya da ƙafarta ba. Yahudawa da kansu sun ƙara idodi bayan Musa. Furim ta zo a zamanin Esta. Hanuka, Idin Tsarkakewa, an kafa ta ne a shekara ta 164 kafin Miladiyya, sa'ad da Yahuza Makabi ya ƙwato Haikali daga hannun mutanen Sarki Antiyokus da suka ƙazantar da shi. Ba ta cikin Attaura, amma Linjilar Yahaya, sura ta 10, ta nuna Almasihu yana zagawa cikin Haikali a lokacinta, ba mu kuwa ji ya tsauta wa kowa saboda bikin ba. Har ma'anar tsofaffin idodin ta yi ta girma, don danganta Idin Makonni da saukar Attaura a Sinai koyarwar malamai ce ta baya. Ashe al'umma mai rai, in Allah ya yi mata wani sabon alheri, tana da damar kafa masa ranar tunawa.

Ban da wannan, wanda ya ce zai kiyaye idodin yadda aka rubuta, ina bagadensa, ina firist ɗinsa daga zuriyar Haruna? Abin da zai iya yi shi ne ya kwaikwayi yadda Yahudawa su ke yi tun bayan rushewar Haikali, watau al'adar malamansu, ga shi kuwa gudun al'adar mutane ne ya fito da shi. Kuma idodin nan suna da masu su, suna nan da rai, sun riƙe su cikin kora da kisa shekaru aru-aru. Baƙo ya je ya gani ya koya, wannan alheri ne. Amma ya ɗauke ya ce shi ya fi mai abu sanin ma'anarsa, wannan rashin kunya ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Sauran zancen asali. A kan ce 25 ga Disamba ranar masu bautar rana ce, saboda haka ƙazantacciya ce. Ko da an tabbatar da haka, ina tambaya, rana tana ɗaukar ƙazanta? Sunan Janairu daga gunkin Rumawa mai fuska biyu ya fito, na Maris daga gunkinsu na yaƙi, kowa kuwa yana rubuta su a kan takardarsa, ba a ce ya yi bautar gunki ba. Babu rana ɗaya cikin 365 da ba a taɓa yi wa wani gunki sujada a cikinta ba. In asali ne ke hukunci, ba sauran ranar da za a yi addu'a.

To, masu kalandar ikilisiya su ma kada su yi saurin tafi, nasu laifin ya fi nauyi. Rabuwar da aka yi ba don saukin lissafi kaɗai aka yi ta ba, akwai ƙiyayya ciki. Takardar da Kwanstantin ya aika bayan taron Nikiya cike ta ke da zagin Yahudawa. A Antakiya, cikin 386 da 387, mashahurin mai wa'azi Yohana, wanda a ke wa laƙabi da Bakin Zinariya, ya yi ta wa'azi mai zafi don ya ga Kiristan garin suna zuwa majami'ar Yahudawa lokacin busa ƙaho da azumi da bukkoki. Wa'azin da kansa ya zama shaida cewa talakawan ɓangarorin biyu suna shiga bikin juna lafiya. A 1215 babban taron ikilisiya a Roma ya hana Yahudawa fitowa fili a kwanakin makokin mutuwar Almasihu. Makon da ya kamata ya zama na gafara ya zama makon da Bayahuden Turai ke kulle ƙofarsa da tsoro. A garin Kishinef, ƙarƙashin mulkin Rasha, ranar Ista ta 1903 aka fara kashe-kashen da ya ci rayukan Yahudawa fiye da 40. Sai a 1965 ikilisiyar Katolika ta fito fili ta ce ba za a ɗora alhakin mutuwar Almasihu a kan dukan Yahudawan wancan zamani ko na yanzu ba. Wanda ke bikin Ista bai san wannan ba, bai san rabin tarihin idinsa ba. Faɗin haka kuwa ba neman a soke idin ba ne, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Akwai waɗanda suka nemi hanyar tsakiya. A Habasha an daɗe ana rikici a kan Asabar, har Sarki Zara Yakub ya tara malamai a Debre Mitmak a 1450 aka yarda a girmama Asabar da Lahadi duka biyu. Musulmi ma suna da abin lura a nasu tarihi. Ya zo a hadisi cewa da Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iso Madina, ya tarar da Yahudawa suna azumin Ashura don tuna kuɓutar Musa daga Fir'auna, ya azumce ta ya umarci a azumta, daga baya kuma ya yi nufin haɗawa da ran 9 ga wata. Ga gado, ga kuma bambanci, duk a cikin kwana biyu na watan da mu ke kira Cika-ciki.

Abin da na ke gani

A ganina kalanda malami ce wadda ba ta riƙe bulala. Aikinta ta hana mutane mantuwa, don ɗan Adam, in ba a ɗaure masa alherin da aka yi masa a jikin wata rana ba, kafin jikansa ya girma ya ɓace. Saboda haka darajar rana tana ga abin da ta ke tuna wa mutum, da irin mutumin da ta ke mai da shi. Wannan ma'auni kuwa daga Littafin da su duka biyu su ke karantawa na ɗauko shi. Annabi Amos da Annabi Ishaya sun gaya wa mutanensu cewa Allah ya ƙi idodinsu, ya gaji da taronsu. Waɗanne idodi? Su dai waɗanda shi da kansa ya umarta, an yi su a kan rana, an yi yanka daidai. Abin da ya ɓata su shi ne masu yinsu suna danne matalauta, suna karkata shari'a, hannuwansu da jini. In ranar da aka umarta tana iya zama abin ƙi saboda zalunci, to, daidaiton kwanan wata kaɗai bai isa ya tsarkake ta ba.

Ku koma sura ta 23 ta Firistoci ku ga wani abin mamaki. Tsakanin Idin Makonni da ranar busa ƙaho, a tsakiyar lissafin kwanaki, sai aka tsai da lissafi aka sa doka guda wadda ba ta idi ba: mai girbi kada ya girbe gonarsa har gefe, kada kuma ya koma ya yi kala, ya bar wa matalauci da baƙo. A Maimaitawar Shari'a kuma, sura ta 16, an lissafta waɗanda za su yi murnar idi tare da maigida, aka sa bawa da baiwa da baƙo da maraya da gwauruwa. Wanda ya tsara kalandar nan bai yarda a raba ranar Allah da tuwon maƙwabci ba.

Saboda haka in aka tambaye ni wanne ya fi, Ƙetarewa ko Ista, Bukkoki ko Kirsimati, sai in ce kowa ya kiyaye ranar da imaninsa ya ba shi, ya san asalinta da gaskiya, mai daɗi da marar daɗi. Kirista mai Kirsimati ya karanta idodin Musa, don can saiwarsa ta ke. Kirista mai son idodin Musa ya yi su da ladabin baƙo, kada ya kira ɗan'uwansa mai bautar gunki. Folikaf da Anisitas sun fi mu kusa da manzanni, sun fi mu sanin nauyin maganar, duk da haka suka ci daga akushi ɗaya.

Ku kuwa 'yan makaranta, gobe ku ne malamai da alƙalai da ma'aikata, za ku zauna da mutane masu hutu ran Juma'a, da masu hutu ran Asabar, da masu hutu ran Lahadi. In idin abokinku ya zo, ku tambaye shi me ya ke tunawa, ku saurara har ya gama, ku yi masa barka. In naku ya zo, kafin ku sa hannu a akushi ku duba ko akwai gidan da ba a hura wuta ba a unguwarku, ku aika da rabonsu. Allah ya maimaita mana, ya sa mu ga na baɗi lafiya.